Agwagi Huɗu a Sarandib

Kwana uku na yi a Sri Lanka kafin na tabbatar cewa makarantar da na zo dominta babu ita.

Wanda ya tarbe ni a filin jirgi ɗan ƙasarmu ne, ya ce in riƙa kiransa Ustaz. Da shi muka yi wata biyar muna magana ta waya, shi ya turo mini hotunan wani ɗaki mai tsabta cike da injunan yanka duwatsu masu daraja. Ya kai ni masauki a Kolombo, ya karɓi kuɗin makaranta, ya kuma karɓi 'yar jakar duwatsun da na zo da su daga gida, wai malamai za su duba. Fasfo kaɗai ya bar mini, kuma har yau ina lissafa wannan cikin alherinsa. Washegari wayarsa a kashe. Rana ta uku na miƙa wa mai keke mai ƙafa uku adireshin makarantar, ya sauke ni a ƙofar wani shagon sayar da fanka.

Mai shagon ya karanta takardar, ya dube ni, ya jawo kujera. Ya ce ba ni ne baƙar fata na farko da ya zo masa da wannan takarda ba. Ya aika aka kawo mini shayi mai citta. Da na shanye ya ce, “In dutse ya kawo ka, ba nan za ka zauna ba. Hau jirgin ƙasa ka tafi Beruwala. Musulmi ne, kuma duk garin dutse suke ci.”

Sunana Shu'aibu. Mahaifina malami ne, mutumin Gummi, ya zauna a Anka yana karantar da littattafai a zaure har Allah ya karɓi abinsa. Ni boko na bi, na yi shekara tara a gidan rediyo ina fassara labarai ina karantawa. Dole in faɗi abin da ya raba ni da wannan aiki, domin in ban faɗa ba sauran labarin ba zai zauna ba.

A shekarar 2010 matata Hadiza ta tafi Dareta jinyar mahaifiyarta, ta tafi da 'yarmu Nafisa mai shekara biyu da rabi. Lokacin zinari ya buɗe. Maza na kawo buhunan dutse cikin gida, ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida inda yara ke wasa. Wata Asabar na je duba su, sai na lura gidan ya yi shiru. Gidan surukina gidan agwagi ne, ba ka iya shimfiɗa tabarma sai ka kore su, amma ran nan ko ɗaya ban gani ba. Da na zagaya bayan katanga na same su a zube, fukafukai a sake, an ɗan rufe su da karan dawa. A makon ne kuma aka ce yara biyu a unguwar sun yi jijjiga sun rasu.

Na sami surukina a ƙofar gida, na durƙusa, na ce, “Baba, anya ƙurar nan ba ta da illa?”

Ya ce, “Kai ɗan rediyo na. In kab buɗe baki, gobe a zo a ruhe ramu. Mi mutane za su ci?”

Na sunkuyar da kai na ce, “To, Baba.” Ko 'yata ban ɗauka ba, domin ɗaukarta daidai yake da in ce gidansa ne ke kisa. Bayan mako uku Nafisa ta rasu. Daga baya likitoci suka zo, na yi musu tafinta ƙauye-ƙauye, daga Dareta har Yargalma, na koyi sunan abin: gubar dalma. Na koyi alamominta, na koyi yadda ake kankare ƙasar gida a zubo sabuwa. Hadiza kuwa ban taɓa gaya mata na ga agwagin ba.

Na koma rediyo, amma duk ranar da aka ba ni sanarwar a riƙa kai yara asibiti da wuri sai muryata ta sarƙe. Na ajiye aikin. Cikin 'yan buge-buge na ga yadda baƙi ke sayen duwatsu masu launi a wajajen Gwashi kamar ana sayen gyaɗa, su fita da su waje a yanka su zama dukiya. Aka ce mini yankan da ruwa ake yi, ba ya tayar da ƙura. Wannan kalma, ba ƙura, ita ta ɗauke ni daga Anka bayan shekara bakwai.

Jirgin ƙasan Beruwala gefen teku yake bi, ƙofofinsa a buɗe. Ranar na fara ganin teku, kuma ban ji komai ba sai yunwa. Kasuwar dutsen titi ce guda. Da hantsi maza ke cika ta, fararen riguna da zane ɗaure a ƙugu, kowa da 'yar takarda a ninke, ya buɗe, a ɗaga dutse a duba shi da hasken rana, a mayar. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya da Turanci ko akwai mai koyar da yanka. Wasu suka yi dariya. Wani ya tambaye ni ko ƙwaya nake sayarwa. Wani ya tambaye ni da gaske ko a Najeriya ana salla.

Na sami limamin wani ƙaramin masallaci, na yi masa bayani da Larabcin da na tsinta a zauren mahaifina, na roƙi wurin ajiye haƙarƙari. Ya girgiza kai hagu da dama. Na yi godiya na ɗauki jakata zan fita, ya biyo ni yana kira. Ashe a can girgiza kai irin wannan amincewa ce. Tun daga nan na fara tunanin mutum nawa suka amsa mini a kasuwa na juya musu baya.

Kwana goma sha ɗaya na yi a ɗakin ajiye tabarmi, ina share masallaci, ina cin burodi da shayi. Ruwan sama ba ya gajiya a garin. Hankakinsu ma ba su da farin ƙirji, kuma wannan ƙaramin abu ya fi komai sa ni jin na yi nisa.

Wata rana bayan la'asar ina karatu a gefe, sai wani tsoho siriri mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya rataye a wuya, ya matso ya zauna. Ya saurara, ya ɗaga yatsa.

“Ka yi kuskure.”

Na maimaita ayar. Ya ce na sake yin kuskure. Na ce masa mu da ruwayar Warshu muke karatu, su da Hafsu. Ya ce shekararsa sittin da takwas bai taɓa jin wannan uzuri ba. Aka kira liman, liman ya yi dariya ya ce baƙo na da gaskiya. Tsohon ya cire tabarau ɗaya ya sa ɗayan, ya dube ni sama da ƙasa.

“To tunda na ci maka fuska a ɗakin Allah, tashi mu je ka ci shinkafata.”

Sunansa Razik. Mutanen garin Hajiyar suke ce wa namijin da ya yi aikin hajji, ni dai bakina ya ƙi, Alhaji nake ce masa. Mai yankan dutse ne, haka ubansa da kakansa. Matarsa ta rasu. Yana zaune da 'yarsa Rizna, malamar Turanci a makarantar 'yan mata, wadda mijinta ke aiki a ƙasashen Larabawa, sai jikarsa Amna mai shekara biyu da 'yan watanni. Da ya ji labarin Ustaz, sai ya ƙara mini miya. Da na gama ya nuna mini wani ɗan ɗaki kusa da barandar gaba. Sharaɗi ɗaya ya kafa: akwai ɗakin ajiya a bayan gida mai kwaɗo, ba ruwana da shi.

Da ya fara koya mini yanka, wata guda cur fasasshiyar kwalba ya riƙa ba ni. Ana manna gutsuren a kan 'yar sanda da danƙo, a ɗora a kan faifan tagulla mai juyawa, ruwa na ɗiga, a fitar da fuska ɗaya, a juya a fitar da ta biyu daidai da ita. Nawa kullum sai ɗaya ta fi ɗaya.

“Hannun mai riƙe takarda,” in ji shi. “Shu'aibu, dutse ba labaran ƙarfe bakwai ba ne. Ba wanda ke jiran ka. Sake.”

Abincinsu komai da kwakwa, har na fara jin ƙanshinta a zufata. Wata safiya Rizna ta miƙo wata gurasa mai kauri da aka gasa a tanda, na gutsura, sai hoce ya faɗo mini a rai, irin wanda Inna ke yi mana da miyar sure. Na ajiye gurasar. Ranar na kira gida.

Inna ta ce, “Kana cin abinci dai? Muryarka ta rame.”

“Ina ci, Inna.”

“Makarantar da kyau?”

Na ce da kyau. Ban gaya mata malamin ɗaya ne, ɗalibin ɗaya ba.

Amna ta yi mako tana ɓuya a bayan zanen uwarta. Daga baya ta fito, ta kama hannuna ta murza da yatsa, ta duba yatsan ko baƙin ya fita. Rizna kan kira ni Nana, wato yaya, ita ma ta ɗauka. Alhaji kuwa, Rizna kan ce masa Wappa, kusan yadda maƙwabtanmu Fulani ke cewa Bappa. Yarinyar tana da agwagi huɗu da ke wanka a kwatar da ke gefen gida, kowacce da sunanta. Da safe sai ta ja ni mu je mu gaishe su. Ban taɓa gaya wa kowa abin da ganinsu ke yi mini ba.

A wata na biyu agwagwa ɗaya ta mutu. Aka ce ciwon kaji ne. Bayan kwana shida ta biyu ta fara tafiya tana jan fukafukai, kashinta kore shar. Na tsaya a kanta na daɗe.

Sai na fara duban Amna da wani ido. Yarinyar da ke gudu ta koma tuntuɓe a fili. Ta ƙi shinkafa. Tana riƙe ciki tana kuka, ta kwana uku ba ta yi bayan gida ba. Sunayen agwagin da take jerawa suka fara ɓace mata. An kai ta wani ƙaramin asibiti aka ba ta maganin tsutsar ciki. Wata maƙwabciya ta ce kambun baka ne, kuma da ta faɗa ni ta kalla.

Ban taɓa ƙofar ɗakin bayan nan ba, amma ɗakin ya yi ta ba ni labarin kansa. Kwatar da agwagin ke sha daga ƙarƙashin bangonsa ta fito, kuma a bakinta akwai wani laka mai ruwan toka da ba na yankan dutse ba. Bayan azahar, lokacin da Alhaji ke cewa zai kwanta, ina jin ƙarar ɗan turmin ƙarfe. Tukunyar gas da ake kawowa gidan ta fi ƙarfin girkin mutum huɗu. In ya fito, gefen zanensa da farin gari, kuma a kan wannan zanen Amna ke kwanciya tana tsotsar yatsa.

Kwana tara na yi shiru. Zan faɗi dalilan yadda suke. A makon ne Alhaji ya fara ba ni dutse na gaske. Shi ya tsaya mini aka ƙara wa'adin bizata. In ya kore ni, ɗakin tabarmi zan koma, daga nan sai gida hannu wofi. Sannan akwai kunya, wadda ta fi duk waɗannan nauyi: mutum ya ɗauke ka daga masallaci ya ba ka shinkafarsa da sana'ar kakansa, ka dube shi ka ce shi ke kashe jikarsa. Na riƙa ce wa kaina wataƙila tsutsar ce.

Rana ta goma da safe Amna ta ja ni gaisuwa, muka tarar da agwagwa ɗaya tak. Na mayar da ita wurin uwarta, na zagaya bayan katanga. Ta ukun na nan a yashe, an rufe ta da ganyen kwakwa.

Na bari aka yi la'asar. Yana zaune a gaban faifansa, na durƙusa kamar yadda na durƙusa a Dareta.

“Alhaji, akwai dalma a ɗakin bayan nan.”

Faifan ya ci gaba da juyawa. Can ya sa hannu ya kashe.

“Wa ya buɗe maka?”

“Ban shiga ba.”

“Ka leƙa.”

“Ban leƙa ba. Kana daka wani gari, kana ƙona shi da wuta mai ƙarfi, kana wanke kayan a kwata. Bai fi shekara da ka fara ba, in ba haka ba da agwagin ba su kai girman nan ba. Shi ke cikin jinin Amna.”

Fuskarsa ta canja. Ya ce, “Wa ya aiko ka? Cikin 'yan kasuwa wa ya biya ka ka zauna a masallaci kana karatu da murya mai daɗi har in ɗauko ka?”

“Ba wanda ya aiko ni.”

“Mutumin da bai iya daidaita fuska biyu a kwalba ba, shi ya san abin da ke bayan ƙofa a kulle? Ɗauki jakarka.”

Labulen ƙofar ciki ya motsa, na ga ƙafafun Rizna a ƙarƙashinsa. Ban dubi Alhaji ba, labulen na fuskanta, na ɗaga murya irin ta aiki, kalma-kalma: “A kai ta babban asibiti. A ce a auna dalma a jininta. Kada a yarda da wani gwaji sai wannan. Kada ta ƙara kwanciya a jikinsa sai ya yi wanka ya canja kaya.”

Na ɗauki jakata na koma wurin liman. Ya girgiza kai, wannan karon na gane.

Kwana biyu ba labari. Na share masallacin har inda ba ya buƙatar shara. Rana ta uku da hantsi keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofa, Rizna a ciki, Amna a kafaɗarta kamar tsumma. Yarinyar ta yi jijjiga da safen.

“Nana, shiga. Kai za ka yi wa likita magana, ni na faɗa za su ce uwa ce ta ruɗe.”

Muka sami mota zuwa Kolombo. Likitar da ta karɓe mu matashiya ce, ta dube ni ta dubi Rizna, ta tambaya ni wane ne a wurin yarinyar. Na ce baƙo ne. Sannan na jero mata abin da na gani, da kwanakinsa, tun daga agwagwar farko, kamar ina karanta labarai. Na gaya mata inda na taɓa ganin irinsa. Ta daina rubutu, ta ɗago.

“Yara nawa ka gani da wannan?”

Na ce ban ƙirga ba. Ta sa aka ɗebi jini.

Sakamakon bai fito ba sai bayan kwana biyu. Dalma ce, mai yawa. Aka fara ba ta maganin da ke fitar da ita ta fitsari. Likitar ta ce da an ƙara mako biyu, da wani zancen ake yi.

Ran nan da rana ina zaune a benci a barandar asibitin, sai ga Alhaji da ƙunshin shinkafa a ganyen ayaba. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ya turo ƙunshin tsakaninmu. Da ya fara magana bango yake kallo. Ya ce idonsa ya raunana, masu injunan zamani sun kwashe aiki. Wani ya koya masa yadda ake cike tsagar jan dutse da garin gilashi mai dalma, a ƙona, dutsen banza ya fito kamar lafiyayye. Ya ce shekara arba'in bai taɓa sa wa dutse ƙarya ba, shi ya sa ya sa kwaɗo, don kada garin ya sani.

“Na ɗauka mutuncina kawai nake ci,” in ji shi. Ya cire tabarau ya goge. “Kai ta ina ka sani? Kada ka ce mini likitoci. Wanda ya koya a wurin likita ba ya duban agwagwa haka.”

Na ce, “Sunanta Nafisa.”

Bai ƙara tambaya ba. Ya buɗe ƙunshin ya ce in ci.

Kafin a sallamo Amna muka gyara gidan, ni ne malami wannan karon. Na hana shara da busasshiyar tsintsiya. Muka jiƙa ƙasar bayan gida, muka kankare ta da fartanya zurfin yatsa, muka ɗura a buhuna, ma'aikatan lafiya suka nuna inda za a kai. Muka wanke bango da ƙasan ɗakuna, aka ƙona tabarmi biyu da ba su wankuwa, aka zubo sabon yashi. Alhaji na kankara ina bin bayansa.

“Nan ka bar tudu, Alhaji. Sake.”

Ya ɗago ya harare ni ta saman tabarau. “Hannun mai riƙe takarda ya sami rana.”

A ranar ƙarshe ta aikin Rizna ta dawo ɗaukar kaya, ta kawo mana shayi, ta zauna a kan buhu. Ta ce akwai wata kalmar Turanci da take koya wa ɗalibanta kowace shekara saboda daga sunan ƙasarsu aka ƙera ta: serendipity. Ta tambaya ko na san ta.

Na san ta. Ta taɓa faɗo mini a labarin wani magani da aka gano ba da niyya ba, saura minti kaɗan in shiga ɗakin watsa shiri, na rubuta “sa'a” na wuce.

Ta ce sa'a kaɗai ba ta isa ba. Wani Baturen Ingila ne ya ƙirƙiro kalmar a cikin wasiƙa, fiye da shekara ɗari biyu da hamsin da suka wuce, daga wata tsohuwar tatsuniyar Farisa. 'Ya'yan sarki uku ne suka fita yawon duniya, suna ta gano abubuwan da ba su suka fita nema ba. Sun haɗu da mai cigiyar raƙumi, suka ce masa mai ido ɗaya ne, gurgu ne, yana da giɓi, alhali ba su gan shi ba. Ciyawar gefe guda kawai aka ci, sawu ɗaya ja ake yi, ga guntayen ciyawa da suka zube ta giɓin. Ma'anar kalmar, in ji ta, ka yi karo da alherin da ba shi ka fita nema ba, amma sai kana da idon da zai gane shi.

“Ka san abin da mai raƙumin ya yi musu? Cewa ya yi su suka sace.” Ta juya. “Wappa, ka ji?”

Alhaji ya ce shayin ya yi sanyi.

Na ce ina ruwan wannan da Sri Lanka? Ta ce 'ya'yan sarkin na nan ne, sunan tsibirin na da ke nan, Serendip, Larabawa na cewa Sarandib.

Na ajiye kofin. Sarandib na sani tun ina yaro. Mahaifina kan faɗa a zaure cewa malaman tarihi sun ce a kan wani dutse na Sarandib aka saukar da Annabi Adamu, har sawunsa na nan. Na ɗauka wuri ne irin na littafi, wanda ba a sayar da tikitinsa. Wata uku ina shan ruwansa ban sani ba.

Da yamma na kira Inna. “Inna, kin san inda nike? Sarandib.”

“Sarandib ta Malam?”

“Ita.”

Ta yi salati. “Ka ga sawun?”

Na ce ban gani ba, dutsen na da nisa. Sai na gaya mata komai, har Ustaz, har ɗakin tabarmi, har Amna. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, “To ai ba makaranta ta kai ka ba. Rabon ɗiyar ga na yaj ja ka.”

Na yi ta juya kalmar a kaina, ciwon tsohon aiki. Tsuntsu daga sama gasasshe na wanda ya buɗe baki ne kawai. Gamon katar ya fi kusa, amma bai faɗi komai game da ido ba. Kuma ba wadda ta faɗi abin da aka biya kafin a sami idon. Rizna ta ce ni ne alherin da gidansu bai fita nema ba. Ban musa mata ba. Ni dai na san inda aka binne kuɗin wannan sa'ar, a maƙabartar Dareta, kabari ne da bai kai tsawon hannuna biyu ba.

Na ƙara wata biyar a gidan. Dutsen Annabi Adamu sau ɗaya na hango shi daga tagar bas, girgije ya rufe kansa. Amna ta dawo da tafiyarta, kalmominta suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, likita ta ce za a daɗe ana bibiya kuma karatu na iya yi mata nauyi. Ranar da zan taho Alhaji ya naɗe mini tsohon faifan tagullar ubansa a cikin zane. Ya ce har yanzu fuskokina ba su daidaita ba, amma a Najeriya ba wanda zai gane.

Na iso Anka ana girbin gero. Bayan an watse da 'yan sannu da zuwa, washegari da hantsi na sami Hadiza tana tsince wake a tsakar gida. Na zauna a kan turmi. Na ba ta labarin agwagi huɗu, daga nan na wuce zuwa wancan labarin da na riƙe shekara takwas. Na ce na zagaya bayan katangar gidansu, na gani, na tambayi Baba, na ce to, na hau babur na bar Nafisa.

Hannunta bai tsaya ba. Ta tsince wake ya kai tafi guda kafin ta yi magana.

“Na sani, Malam. Na ga sawun takalminka a wurin.” Ta ture faifan gefe. “Wa kake zaton ya ruhe su da kara? Ni nik kwashe su da sahe, don kar ka gani ka yi magana. Ubana na.”

Muka zauna. Can ta jawo faifan, ta matsar da shi tsakaninmu, na sa hannu muka ci gaba da tsincewa.